Sunan Yanki da Tarihin da Yake Riƙe da Shi: Kalmomin Rabon Ƙasa a Harsunan Silab da na Baltik

Tun daga watan Fabrairu na shekarar 2022, duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba da jin sunaye irin su Donetsk da Karkib da Kursk. Wani mai fassara ya ce yankin Donetsk, wani ya ce lardin Donetsk, wani kuma ya ce jihar, alhali kalmar da ke bayan duka ukun ɗaya ce, wato «oblast». Mai fassara yana da uzuri, domin lokacinsa ƙanƙane ne, kuma abin da mai sauraro ke son sani shi ne inda aka kai hari da abin da ya biyo baya. Ɗalibin ilimin harsuna ba shi da wannan uzurin. Kalmomin da hukuma ke rarraba ƙasa da su sukan yi kama da busassun kalmomin takardar ofis, amma ba kasafai ake samun kalmomin da suka riƙe tarihin mulki kamar su ba. A gabashin Turai, inda dauloli suka yi ta hawa kan juna, ana iya gane wanda ya yi mulki, da yadda ya ɗauki talakawansa, daga sunan da ya raɗa wa gunduma.

Harsunan da ake magana a kansu rassa biyu ne na dangin Indo-Turai, maƙwabtan juna kuma ƴan uwa na kusa. Reshen Silab ya kasu uku: na gabas, wato harsunan Rasha da Yukren da Belarus, na yamma, irin su harsunan Polan da Cek da Sulobakiya, da na kudu, irin su harsunan Bulgariya da Sabiya da Kuroshiya da Sulobeniya. Reshen Baltik kuwa harsuna biyu ne suka rage masa masu matsayin harshen ƙasa, na Lituwaniya da na Latbiya. Istoniya tana bakin tekun Baltik, amma harshenta dangin harshen Finlan ne, don haka ba ya cikin wannan lissafi.

Saiwar mulki

Kalmar oblast tana da ɗafa-goshi «ob-», mai ma'anar kewaye, da kuma suna «vlast», mai ma'anar iko. Baƙin «v» ya faɗi ne saboda haɗuwarsa da «b». Asalin ma'anarta ke nan: iyakar inda ikon wani ya kai, kamar yadda sarauta ta haifi masarauta a Hausa. Masana sun maido da tsohuwar siffar sunan a matsayin *volstĭ, daga saiwar *vold-, wadda ke nufin yin mulki, kuma ita ce a cikin sunan Vladimir da na birnin Vladivostok da aka kafa a 1860.

Wannan kalma ɗaya ta isa a koyar da wata sananniyar dokar sauti da ita. Tsohon harshen Silab ya ƙi gaɓar da ke ƙarewa da baƙi, don haka duk inda «ol» ko «or» suka zo tsakanin baƙaƙe biyu, kowane reshe ya nemi mafitarsa. Na gabas ya ƙara wasali, sai *volstĭ ta zama «volost». Harshen Polan ya yi musayar gurbi, sai ta zama «włość». Na kudu da harshen Cek sun yi musayar gurbi tare da sauya wasalin, sai ta zama «vlast». Haka *gordŭ, wato birni mai ganuwa, ta zama «gorod» a Rasha, «gród» a Polan, «grad» a Sabiya, «hrad» a Cek. Daga nan za a ga cewa oblast, duk da shahararta a Rasha, siffar kudu gare ta. Ta shigo ne ta harshen coci, wanda aka fara rubutawa a ƙarni na tara bisa karin harshen Silabawan kudu.

Saboda haka harshen Rasha ya mallaki tagwaye daga uwa ɗaya. Ta littafi, vlast, ta hau sama ta zama sunan gwamnati da iko. Ta gida, volost, ta sauka ta zama sunan ƙaramar gundumar manoma, musamman bayan ƴanta bayin gona a 1861. A harshen Cek kuwa vlast ta bar zancen iko gaba ɗaya ta koma ma'anar ƙasar haihuwa, shi ya sa mawaƙi Smetana ya sa wa shahararren kiɗansa suna Má vlast. Harsunan Baltik sun gaji saiwar daga kakanni ɗaya, ba aro ba: «valsts» ita ce ƙasa mai gwamnati a Latbiya, «valstybė» a Lituwaniya, inda «valdyti» ke nufin yin mulki.

A yau Yukren tana da oblast 24, Bulgariya 28, Belarus kuwa shida da take kira «voblasć». Sai dai ɗayantakar suna ba ta nufin ɗayantakar matsayi. Yukren ƙasa ce mai gwamnati ɗaya, shugaban ƙasa ke naɗa shugabannin mulkin oblast, don haka lardi ta fi dacewa da ita a Hausa. Oblast ta Rasha kuwa, a kan takarda, ɓangare ce na tarayya mai majalisar dokokinta, ta fi kusa da abin da ake kira jiha a Nijeriya.

Yanka da kewaye

Hoto na biyu da waɗannan harsuna suka yi amfani da shi shi ne na wuƙa. «Kraj» ƴar uwar aikatau «krojiti» ce, wato yanka ko yanke tufa, kuma ma'anarta ta farko gefe ko baki, inda aka yanke abu. «Srez», tsohuwar gundumar Sabiya, ta fito daga «rezati», shi ma yanka. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da yanki daga yanka ya fito. Abin lura shi ne yadda gefe ya koma tsakiya. A Rasha an fara kiran manyan yankunan bakin daula da kraj, har yanzu akwai tara, irin su Krasnodar da Krasnoyarsk. A Cek da Sulobakiya kraj ita ce babbar jaha ta yau da kullum, babu sauran ƙanshin iyaka a jikinta.

Sunan Yukren kansa daga wannan saiwa yake, kuma an fara ganin sa a rubuce a wani littafin tarihi ƙarƙashin shekarar 1187. Wasu na fassara shi da ƙasar kan iyaka, wasu kuma na kafa hujja da cewa «krajina» a harshen Yukren ƙasa ce kawai, kamar kowace ƙasa. Gardamar ta kai har ga harafi: a harshen Rasha an saba cewa «na Ukraine», da harafin da ake yi wa yankuna, mutanen Yukren kuwa suna neman a ce «v Ukraine», da harafin da ake yi wa ƙasashe masu ƴanci. Mai nazari zai iya nuna cewa ma'anonin biyu duk tsofaffi ne a saiwar, amma ba zai iya yanke wa al'umma hukuncin wacce za ta ɗauka ba.

Hoto na uku shi ne da'ira. «Okrug» na ƙunshe da «krug», wato zobe ko da'ira. Harsunan Baltik sun bi wannan hanyar: «apskritis» ta Lituwaniya daga «apskritas» take, wato kewayayye, «apriņķis» ta Latbiya kuma daga «riņķis», zobe, tana bin ƙirar «Kreis» ta Jamusanci. Ɗan Nijar ya san wannan hoton tun zamanin «cercle» da kumandansa, da «arrondissement» da ta gaje shi. Mafi daɗin sha'ani a cikinsu ita ce «ujezd», gundumar daular Rasha da ke tsakanin lardi da volost. Saiwarta ita ce ta tafiya a kan doki. A ƙasar Cek ta tsakiyar zamani «újezd» fili ne da aka zagaye a kan doki don a tabbatar da iyakarsa, kuma garuruwa da yawa suna ɗauke da sunan har yau. Gunduma ke nan da aka auna da rangadi.

Sunan mutum ya zama sunan ƙasa

Polan ta kasu «województwo» 16 tun ranar 1 ga Janairu 1999, bayan da ta yi shekaru tun 1975 tana da 49. Kalmar ta fito daga «wojewoda», haɗin saiwar yaƙi da saiwar jagora, wato mai jan rundunar yaƙi, matsayin da ya yi daidai da na Ƙaura a Katsina da Maraɗi. Wojewoda na yau farar hula ne da firaminista ke naɗawa ya wakilci gwamnatin tsakiya, ba ya jan ko soja ɗaya. Sunan Vojvodina a arewacin Sabiya daga nan yake, haka «vaivadija» da Lituwaniya ta karɓa a 1413 lokacin da aka kafa ta Vilnius da ta Trakai bisa tsarin Polan.

Kuroshiya tana da «županija» 20 ban da birnin Zagreb, daga «župan», tsohuwar sarautar da aka rubuta tun shekarar 777 a takardar kafa wani gidan ibada a ƙasar da ake kira Ostiriya a yau. Harshen Hangare ya ari kalmar ya mai da ita «ispán». A Sulobeniya župan magajin gari ne kawai. «Starosta» kuwa daga «stary» take, wato tsoho, kamar dattijo ko shaihu, kuma shi ne shugaban «powiat» a Polan ta yau. Lituwaniya ta bi ƙirar da kayan gida: «senas» tsoho ne, «seniūnas» dattijon yanki, «seniūnija» kuma ƙaramar gundumar da yake riƙe da ita.

A 1708 sarki Bitrus na Ɗaya ya raba Rasha «gubernija» takwas. Ya ɗauko kalmar daga Latinanci «gubernator», wadda ita ma ta samo asali daga kalmar Girkanci ta tuƙin jirgin ruwa. Ita ce ta biyo ta Ingilishi ta zama gwamna da gwamnati a Hausa. Hukumar Sobiyet ta kashe gubernija kafin ƙarshen 1929, amma bayan rushewarta sai muƙamin ya dawo shi kaɗai: shugaban oblast a Rasha ta yau gubernator ne, gwamnan lardin da aka daɗe da binne sunansa.

A yankin Balkan daular Usmaniyya ta Turkiyya ta bar nata sawun. «Sandžak», sunan yankin da ke tsakanin Sabiya da Montenegro, kalmar Turkanci ce mai ma'anar tuta, domin wanda aka ba tuta shi aka ba ƙasa, abin da duk wanda ya karanta tarihin Sakkwato zai gane nan take. «Nahija» kuwa daga Larabci take, kuma tsohuwar Montenegro nahija huɗu ce. Kalmar da ta zama ƙaramar gunduma a can ita ce ta zama nahiya a Hausa, har ta ɗauki Afirka baki ɗaya.

Baƙon da ya zama ɗan gari

Inda darasin ya fi fitowa fili shi ne ƙasashen Baltik. Tsohon littafin tarihin Rus ya ce bayan da aka kashe sarki Igor a 945 saboda ya koma karɓar haraji karo na biyu, matarsa Olga ta kafa wuraren da za a riƙa tara haraji, ana kiran su «pogost». Saiwar ita ce «gost», wato baƙo ko ɗan kasuwa, don haka pogost masauki ne, kamar zango. Kamar yadda zango ya tashi daga wurin sauke kaya ya zama unguwa a Damagaram da Yamai da Kumasi, haka pogost ya zama gari mai coci, sannan gunduma. A harshen Rasha na yau ya tsuke ya koma maƙabartar ƙauye. A Latbiya kuwa an are shi tun da daɗewa a siffar «pagasts», kuma bayan dokar 1866 ya zama sunan ƙaramar hukumar manoma, inda ɗan Latbiya ya fara zaɓen wakilansa da gudanar da sha'aninsa a lokacin da manyan gonaki ke hannun Jamusawa. A Lituwaniya kuwa takwarar volost ita ce «valsčius».

Da ƙasashen biyu suka sami ƴanci a 1918, sun gina mulkinsu kan apriņķis da pagasts a Latbiya, apskritis da valsčius a Lituwaniya. Bayan mamayar Sobiyet, daga ƙarshen 1949 zuwa 1950, aka share su duka aka kawo «rajon». Wannan kalma ba ta Silab ba ce. Ita ce «rayon» ta Faransanci, nisan da ke tsakanin cibiya da bakin da'ira, kuma da ita aka maye gurbin ujezd da volost a Tarayyar Sobiyet tsakanin 1923 da 1929.

Da ƴanci ya dawo a 1990 da 1991, Latbiya ta maido da pagasts nan da nan, ta kuma kashe rajons ɗinta 26 a 2009, ta koma ga «novads». A 2021 ta rage yawan ƙananan hukumominta zuwa 43. In da asali ake bi, pagasts ce ta fito daga harshen Rus, rajons kuwa daga Faransanci. Amma pagasts ce ake ji ta gida, rajons ce ake ji ta mamaya. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, sai dai a sha'anin kalmomi baƙon da ya daɗe yakan yi saiwa. Abin da ke sa a ji kalma ta gida shi ne rayuwar da aka yi a ƙarƙashinta, ba ƙamus ɗin asalin kalmomi ba. Lituwaniya ma ba ta bi hanya ɗaya da maƙwabciyarta ba. Ta maido da apskritis goma a 1994, ta rushe ofisoshin gwamnoninsu a 2010, ba ta maido da valsčius ba, kuma yawancin ƙananan hukumominta 60 suna ɗauke da rajonas a cikin sunansu har gobe.

Irin wannan ya faru tsakanin Polan da Yukren. «Gromada» da «hromada» kalma ɗaya ce, ma'anarta taron jama'a. A Polan ita ce ƙaramar hukumar zamanin kwaminis daga 1954 zuwa 1972, sannan aka koma ga «gmina», wadda aro ce daga Jamusanci. A Yukren kuwa hromada ce ginshiƙin sauke iko zuwa ƙasa, a garambawul ɗin da ya rage rajon daga 490 zuwa 136 a 2020. Kalma ɗaya ta tuna wa wata al'umma da danniya, ta zame wa wata alamar cin gashin kai.

Suna a matsayin makami

Masu mulki sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi. A 1840 sarki Nikolas na Ɗaya ya cire sunan Lituwaniya daga sunayen lardunan Vilnius da Grodno, aka koma kiran ƙasar kraj na arewa maso yamma. Bayan boren 1863 takardun hukuma suka riƙa kiran Polan kraj na kogin Vistula, aka kuma hana buga harshen Lituwaniya da haruffan Latin daga 1864 zuwa 1904. A 1929 sarki Aleksanda na Yugosilabiya ya raba ƙasar «banovina» tara, daga tsohuwar sarautar «ban». Takwas an sa musu sunayen koguna, irin su Sava da Drina da Vardar, ɗaya kuma sunan gaɓar teku, don kada taswira ta ambaci Sabiya ko Kuroshiya ko Bosniya. Dabarar ba sabuwa ba ce, Faransa ta yi ta a 1790 da ta shafe tsofaffin larduna ta kafa «département» 83 masu sunayen koguna da duwatsu. A Yugosilabiya ba ta ɗore ba, domin a 1939 dole aka kafa banovina mai sunan Kuroshiya. Har yau a tarayyar Bosniya da aka kafa a 1994, gundumomi goman nan «kanton» ne a bakin Bosniyawa, županija a bakin Kuroshiyawa, kuma zaɓin kalma ya isa a san ɓangaren mai magana.

Akwai kalma ɗaya da ta bambanta da sauran, domin ba ta duban ƙasa daga sama. «Obština» ta Bulgariya, «opština» ta Sabiya, «općina» ta Kuroshiya, «občina» ta Sulobeniya da «obec» ta Cek duk daga saiwar da ke nufin abin tarayya suke, kamar «commune» ta Faransanci. Lituwaniya da Latbiya sun ce «savivaldybė» da «pašvaldība», wato mulkin kai, inda tsohuwar saiwar nan ta iko ta dawo tare da kalmar kai a gabanta. A kusan duk waɗannan harsuna, sunayen manyan yankuna suna maganar sarki da jarumi da wuƙa da doki, na ƙananan ne kawai ke maganar jama'a.

Abin da ya shafi Hausa

Hausa ma tana da nata tarin. Lardi da jiha da nahiya daga Larabci suke, gwamna daga Ingilishi, kanton da kwamin daga Faransanci, yanki kuma na gida. Iyaka ta raba musu ma'ana: jaha a Nijar «région» ce, jiha a Nijeriya ɓangaren tarayya ce, gunduma kuma ba abu ɗaya take nufi ba a Tawa da a Kano. Matsayin ma yana motsi, domin a farkon shekarun 2000 abin da ake kira département a Nijar ya zama région, arrondissement kuma ta ɗauki sunan département, dattawa da yawa suna nan da tsohon lissafi a baki.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, aikin daidaita waɗannan kalmomi zai faɗo kan waɗanda ke zaune a azuzuwan ilimin harsuna yanzu. Jarabawar da ke jiran su ita ce ta tsarkake harshe, wato korar kowace kalma mai ƙanshin aro a ƙirƙiro sabuwa. Tarihin pagasts da rajons ya nuna cewa asali kaɗai ba ya isa mizani. Kafin a zauna a kwamiti, ya kamata a fita a ji abin da manomi a Gidan Rumji da ƴar kasuwa a Matamai ke kiran ofishin da suke zuwa neman takarda, a rubuta shi tare da shekarun mai magana da garinsa, a kuma tambaye shi abin da kalmar ke tuna masa. Wannan bincike ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi da na'urar ɗaukar murya da littafin rubutu, kuma sakamakonsa zai fi amfani in an yi shi tun waɗanda suka san zamanin kumandan suna raye.